Ɗan Farin da Ban Zana Ba

Ku matso kusa ku gyara zama, mai goyo ta lallaɓa ɗanta, mai hira ya ajiye ta tukuna. Yau ba tatsuniya zan yi muku ba, babu dabba a cikinta, babu aljani. Abin da zan faɗa a kaina ya faru, a tsakar gidan nan namu na Malikanchi, kuma da so samu ne da na tafi da shi kabari ba wanda ya ji. Ni ban yi boko ba. Bakina ne ke faɗa, hannun wani ke rubutawa, saboda haka in kun ji magana ta karkace, tawa ce.

Sai na fara da ɗan farina, don in ba ku san shi ba, ba za ku gane sauran ba. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, yau ɗin ma. Haka muka taso muka tarar: mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta kallon idonsa. Kunya ce, kuma a zamaninmu da ita ake gane 'yar gidan mutunci. Da aka yaye shi, gwaggonsa, yayar mahaifinsa, ta zo daga Taba ta ƙasar Kudan ta goya shi ta tafi. Ita ta riƙe shi har ya yi gemu, ita yake kira Inna. Ni Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna faɗa.

Da ya girma sai ya zauna a Makarfi yana harkar rake da mazarƙwaila, Allah kuma ya rufa masa asiri. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai in ji ƙugin babur ɗinsa a ƙofar gida. Ya shigo da sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina daga waje.

"Yaya, ina wuni?"

"Lafiya."

"Mun same ku lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Da godiya. Ya mutanen gidan?"

Ina amsawa ina tsintar wake, ko ina kallon tabarma. Abin da na sani nasa ƙafafunsa ne. Na san babban yatsansa na hagu mai tsagaggen farce, na san shekarar da diddigensa ya fara faso, na san ranar da ya sake takalmi. Ya ajiye ƙullin mazarƙwaila, ya ce a tashi lafiya, ya fita. Haka muka yi shekara da shekaru. Bai taɓa yin ƙorafi ba, ni ma ban taɓa zaton akwai abin ƙorafi ba.

To, yana da 'ya, ta biyu a ɗakinsa, wadda duk cikin jikokina ta fi shiga raina. Tsakanin kaka da jika babu kunya, sai wasa da zagi, kuma ina jin duk abin da na hana uban ita na juye wa. Ta yi karatu a Zariya har ta kai inda ake koyon duba masu ciwon damuwa da taɓin hankali. In ta zo sai in ce ga likitar mahaukata nan, ita kuma ta ce ai shi ya sa take yawan zuwa wurina.

Wata rana bayan ɗaukewar ruwa, lokacin da muka baza barkono a tsakar gida yana shan rana, sai ga ta da jaka a kafaɗa. Ta gaishe ni, ta sha fura, ta share baki, ta ce, "Kaka, aiki ya kawo ni. Malamarmu ta ce kafin mu zauna da marar lafiya sai mun koyi auna masu lafiya. Akwai gwaje-gwajen da ake yi a gane halin mutum da abin da ke cikin zuciyarsa. An ce kowa ya nemo yaro da babba da tsoho. Na samu yaro, na samu babba, tsohuwa ce ta rage, kuma duk ƙasar Ikara ba wadda ta kai ki tsufa."

Na ce, "Ja'ira. Da mudu za ki auna ni ko da tiya?"

Ta ce, "Da baki kawai. Ke da kike son surutu, yau kin samu mai saurare."

Abin da ba ta gaya mini ba, sai daga baya na ji, shi ne malamar ta gargaɗe su kada kowa ya gwada ɗan uwansa na jini. Ita kuwa ta ga wa zai zauna mata rabin yini in ba kakarta ba.

Muka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro. Ta fito da takardu, ta ajiye wayarta a gefe, ta gyara fuska kamar mai zaman makoki. Ta ce an koya musu kada su yi dariya kada su ɓata rai, komai mutum ya faɗa. Ta fara da tambayoyi, ta ce amsarsu e ko a'a ce.

"Kina jin kamar mutane suna magana a kanki?"

"Suna yi mana. Wa ba a magana a kansa a garin nan?"

"Kaka, e ko a'a."

"To, e."

"Kina jin muryoyin da sauran mutane ba sa ji?"

"Ni da kunnen dama ya mutu? Waɗanda suke ji ɗin ma ba na ji."

Ta cije leɓe, dariyar ta fito ta hanci, ta yi sauri ta mayar da fuskar makokinta. Muka yi ta yi har inuwa ta matsa muka ja tabarma.

Daga nan ta miƙo mini farar takarda da fensir, ta ce in zana mutanen gidana. Ban taɓa riƙe fensir ba. Hannun nan da ya yi wa rabin matan unguwa kitso sai ga shi ɗan itace ya gagare shi. Na yi ƙwallo-ƙwallo na sa musu tsinkayen hannu da ƙafa, tana tambaya ina faɗa: wannan marigayi malam ne, kakanki, wannan gwaggonki ta Furana, wannan wane, wannan wance. Autana na yi shi ƙato a kusa da ni. Na miƙa mata.

Ta duba ta ce, "Ina Baba?"

Na ce, "Takarda ta cika."

"Ga wuri nan a gefe."

"Wurin akuya ne." Na karɓa na yi akuya da ƙaho biyu.

Ta ce, "Kaka, na san kunyar ɗan fari. Amma wannan takarda ce, ba ta da baki."

Na ce ta wuce gaba. Ta sunkuya ta rubuta wani abu.

Sai ta fito da wasu hotuna marasa launi, na mutanen wata ƙasa da irin tufafinsu. Ta ce in dubi kowanne in ba ta labarinsa: me ya faru kafin nan, me ke faruwa, ina abin zai ƙare. Nan na gyara zama. Na ce a raina yanzu aka zo gonata. Ni da yaran unguwa ke cika mini ɗaki don tatsuniya? Na ɗauka gwanintata za a auna, a kai wa malaman Zariya su ji. Na saki baki. Hoton wata mace a bakin ƙofa ta juya baya, na ce ɗanta aka tafi da shi wani gari, ita kuma tana da aiki a gabanta, ba ta waiwaya ba. Hoton gona da mutane a tsaye, na ce saniyarsu aka raba da maraƙinta, saniyar ta ci gaba da kiwo. Hoton wani yaro a zaune shi kaɗai, na ce jira yake a zo a ɗauke shi, kuma wadda yake jira ba za ta zo ba. Na sa waƙa a ciki, na sa karin murya. Can ta miƙo wani da babu komai a kansa, fari fat, ta ce shi ma in ba shi labari. Na ce wannan hanya ce bayan masu tafiya sun ɓace. Wallahi ban lura duk labari ɗaya nake ta maimaitawa ba. Daɗin bakina kawai nake ji.

Na ƙarshe, ta ce za ta fara magana ni in ƙarasa.

"Abin da na fi tsoro..."

"Kwanciyar kabari."

"In na tuna ƙuruciyata..."

"Daka da ɗiban ruwa."

"Uwa da ɗanta..."

Bakina ya rufe. Yarinyar ta dubi wayarta tana lissafin tsawon shiruna, don haka aka koya musu. Sai Allah ya kawo wata kaza ta hau kan shanya, na ce, "Kaza na watsa mini barkono," na tashi na bi ta da zagi. Ban koma tabarmar ba.

Bayan 'yan makonni, ranar wata Juma'a, ta biyo babanta a bayan babur. Ya gaishe ni yadda ya saba, ya fita zaure wurin ƙannensa. Ita ta shigo ɗaki ta saki labule, ta zauna a bakin gado.

Ta ce, "Na gama haɗa sakamakonki."

Na ce, "To, na ci ko na faɗi?"

Ta ce ba a ci ba a faɗuwa. Ta ce gwajin ya nuna ina da haƙuri, ba na son roƙon kowa, kuma ina da taurin kai. Na ce wannan ai ko akuyar da na zana ta sani. Ba ta yi dariya ba. Muryarta ta sauya.

"Kaka, gwajin ya nuna kin cire Baba daga ranki. Ba ki zana shi ba, kin sa akuya a wurinsa. Duk labarin da kika ba ni akwai ɗan da aka tafi da shi, uwar ko waiwaye ba ta yi. Da na ce uwa da ɗanta, kika yi shiru kika tashi. Littafinmu ya ce wannan alamar uwar da ba ta karɓi ɗanta ba ce." Idonta ya cika da hawaye. "Tun ina ƙarama nake ganin Baba yana durƙuso a waje kamar baƙo, baffa auta kuwa yana kwance a gadonki yana cin tuwo a kwanonki. Kaka, da gaske ba kya son Babana?"

Ba tsiya take yi mini ba. Tambaya take yi da zuciya ɗaya, kuma amsar ba ta da tsawo. Na buɗe baki ke nan sai idona ya sauka ƙarƙashin labule. Ƙafafu biyu a tsaye, babban yatsan hagu da tsagaggen farce. Makullin babur ɗinsa ya manta a bakin ƙofa ya dawo ɗauka.

Yanzu duk abin da zan faɗa a kunnensa zai sauka. Ku ji abin da na ce, ni tsohuwa mai furfura, mai carbi a hannu. Na ce, "Ke dai kin cika surutu. Tashi ki zubo mini ruwa a buta."

Ƙafafun suka ɗan tsaya, sannan suka ja baya a hankali. Bai sake shigowa sallama ba. Daga waje ya yi mata hon.

Juma'a ta zagayo, ban ji babur ba. Mazarƙwaila ta iso a hannun autana, wai an ce a gaishe ni. Wata Juma'ar ma haka. Matarsa, surukata, ita ta aiko mini da abin da ya faɗa. Kun san shekara guda kafin nan an ɗebi jininsa a asibiti aka ce yana da ciwon suga, alhali shi ba ya jin komai a jikinsa. Tun daga nan ya riƙe cewa gwajin asibiti ba ya ƙarya, yana ganin abin da ke ɓoye. Shi a wurinsa gwajin jini da gwajin 'yarsa duk abu ɗaya ne. Ya ce wa matar, "Duk tsawon rayuwata ina cewa kunya ce. Ashe an auna."

Na aika masa da daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya. Godiya ta dawo, shi bai zo ba. Masu tambaya na ce musu lokacin rake ne, aiki ya yi masa yawa. Na san maganin abin, yana cikin bakina, na riƙe shi. In na tuna zan faɗa sai kunya ta kama ni, in na tuna ban faɗa ba sai wata kunyar ta fi ta farko zafi.

Kuma a zaman nan ne na yarda da abin da ban so yarda da shi ba: maganar yarinyar ba duka ce ƙarya ba. Kunyar nan da farko kaya ce aka ɗora mini, ina ɗauke da ita ina nishi. Daga baya ta zama inuwa na shige ciki na miƙe ƙafa. Ɗan da aka ba wa wata, rashin kallonsa ya fi sauƙi. Uwar mijina da sauran tsofaffin da ke sa mini ido duk sun rasu tun tuni, ba mai duba ni, amma na ci gaba. Sa'o'ina da yawa sun sassauta, wata ta ce wa nata Alhaji, wata ta zauna da nata su yi hira. Ni na ƙi, don ina jin daɗi in ana cewa a je a koyi kunya wurin wance.

Ana nan sai ga jikar tawa ita kaɗai, ta rame, ba wasa ba zagi. Ta zauna a ƙasa ta ba ni labari. Ta kai aikinta gaban malamarsu tana jin ta yi abin kirki. Malamar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, tsohuwar nan mece ce ɗinki? Ta faɗi gaskiya. Malamar ta ce, ban hana ku ba? Wanda ya gwada jininsa abin da yake tsoro shi yake gani. Ta tambaye ta wa ta gaya wa sakamakon, kuma a ina. Ta faɗa. Sannan malamar ta ce, da tsohuwar ta yi shiru kin ƙirga tsawon shirun, to kin koma kin tambaye ta abin da ke cikinsa? Gwajin nan ba hukunci yake yankewa ba, nuna miki yake inda za ki yi tambaya. Ta ce ba za ta bar ta ta zauna da marasa lafiya ba a wannan zangon, sai ta sake aikin daga farko da wata tsohuwar da ba ta sani ba. Maganar gida kuwa, ta ce ta je ta gyara abin da ta ɓata, wannan ba ya cikin littafi.

Na ce, "To ki gaya wa babanki kuskure kika yi."

Ta ce, "Na gaya masa. Ya ce asirin kakata nake so in rufa, Allah ya yi mini albarka. Kaka, yanzu ba takardata ce ke damunsa ba. Da kunnensa ya ji na tambaye ki, da kunnensa ya ji kin ce a kawo buta."

Ranar kasuwar Makarfi na yafa mayafi na ce ta raka ni. Ban taɓa taka gidansa ba. Ko ranar sunan 'ya'yansa a maƙwabta nake sauka, a kawo mini jariri in gani. A mota wata ta tambaye ni ina zuwa, na ce asibiti. Da muka yi sallama surukata na tsaye da ludayi, sai da ya faɗi daga hannunta. Gidan cike da mata 'yan cin kasuwa da suka shigo yin azahar. Ta ce maigidan yana ɗaki a kwance, jikin ne ba daɗi. Na ce kada a tashe shi. Na ce a shimfiɗa mini tabarma a bakin ƙofarsa, daga waje, kusa da labule.

Na ce wa jikata, "Fito da hotunan nan."

Ta ce na makaranta ne, ta mayar.

"To ba ni farar takarda. Ki tambaye ni yadda malamarki ta ce."

Ta yago takarda ta ba ni. Ta ce, "Kaka, me kike gani?"

Na ɗaga murya yadda nake yi in yara sun cika ɗaki. Na ce ina ganin wata mace mai ƙuruciya a Malikanchi, ranar da aka zo tafiya da ɗanta. Uwar mijinta da matan gida sun zauna a inuwa suna kallonta, su ga ko za ta ba da su. An ba ta dawa ta yi surfe. Yaron yana bayan gwaggonsa yana miƙo hannu yana kuka yana kiran Yaya. Ba ta ɗaga kai ba. Ta yi ta luguden taɓarya har kukan ya ɓace a hanya, da ta duba turmi dawar da aka ce ta surfa ta zama gari, dusa da tsaba sun haɗe. Matan suka ce kai, wannan 'yar mutunci ce. Kwana da kwanaki nono na jiƙa mata zane tana juya baya tana matsewa.

Na ce ina ganinta bayan shekara biyu ko uku, ta ji an yi rasuwa a Taba, mamacin ko saninsa ba ta yi ba, ta ce za ta gaisuwa. Ta taka da ƙafa ta cikin gonakin rake. Ta zauna cikin mata tana satar kallonsa yana wasa. Ya yi tuntuɓe da dutse, farcen babban yatsansa na hagu ya tsage, jini na zuba. Ta miƙe tsaye, sai ta ga idanu a kanta, ta yi kamar zane take gyarawa ta koma ta zauna. Gwaggonsa ce ta ɗaure masa da tsumma.

Matan tsakar gida duk suka juyo. Har mai alwala ta tsaya da buta a hannu. Ban san lokacin da na daina cewa ita na koma cewa ni ba. Na ce duk Juma'a tun da hantsi nake share bakin ƙofata, in bi da hannu in tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, don kada ta soki gwiwarsa in ya durƙusa. Na ce makonnin nan ma ban fasa sharewa ba.

Yarinyar tana kuka ta ce, "Uwa da ɗanta..."

Na ce, "Tana sonsa. Wannan uwar tana sonsa tun yana ciki. An tambaye ta ba ta faɗa ba, kuma ba ta kyauta ba."

Jama'a, da zanena ne ya faɗi a tsakiyar kasuwar Makarfi da abin ya fi mini sauƙi. Jikina ya yi zafi tun daga tafin ƙafa har ƙeya. Na ji wata tsohuwa a bayana ta ce a'uzubillahi a hankali.

Labule ya motsa. Ƙafafun suka fito, ya durƙusa a gabana. Ya ce, "Yaya, sannu da zuwa. Da kin aiko ai da na zo."

Na ɗaga kai na dube shi. Rabona da in kalli fuskar nan sosai tun haƙoransa ba su gama fitowa ba, yanzu ga shi sun fara zubewa. Gemu fari tas. Ashe mahaifina ya ɗebo, goshin da hancin duka, ni kuwa duk shekarun nan ina zaton kamannin ubansa ne da shi. Tsoho na gani a gabana, kuma ni na haife shi, kuma ban ga lokacin da ya tsufa ba. Shi ya kasa kallona, ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemun.

Na ce, "Ka rame."

Ya ce, "Sugan ne, Yaya."

"To ka rage lasar mazarƙwailar."

Ya yi dariya yana share ido da hannun riga. Na juya kan jikata na ce, "Ke kuma ja'ira, rufe mana baki, wa ya mutu? Je ki zubo mini ruwa a buta." A wannan karon da gaske alwala zan yi.

Labari ya riga ni isa Malikanchi. Sa'o'ina suka ce tsohuwa ta je zance gidan ɗan fari. Wata ƙawata da muka yi ƙuruciya tare ta ce da bakinta ba za ta ƙara ba da misali da ni ba, kuma ta cika alkawari har ta rasu. Na daina zuwa gidan suna na ɗan lokaci, don in na shiga sai in ga ana taɓa juna.

Gwaggonsa ta Taba ta daɗe da rasuwa kafin duk wannan, Allah ya jiƙanta, ta riƙe shi da amana, ban taɓa jin haushinta ba. Malamar ban taɓa ganinta ba. Na aika mata da ƙullin daddawa, aka ce ta karɓa ta yi godiya ta ce a gaishe ni. Jikata ta sake aikinta da wata tsohuwa daga wajen Kudan, ta bi bayan 'yan ajinsu da zango guda, ta gama. Yanzu tana aiki a asibiti, an ce in marar lafiya ya yi shiru ba ta gaggawa, sai ta jira sannan ta tambaya. Ba ta ƙara gwada kowa a danginmu ba, ko da autana ya roƙe ta ta auna matarsa. Takardar da na yi zane a kai ta ce ta ƙone ta, da akuyar da komai.

Shi kuwa ya dawo da zuwan Juma'a. Ciwon ya hana shi hawa babur, ɗansa ke kawo shi. Yanzu a cikin ɗaki yake zama, a kan buzun sallata, mu yi maganar ruwan sama da tsadar taki. Wani lokaci in dube shi, wani lokaci in kasa. Sunansa har yau ban kira ba, kuma ba na jin zan kira. Bakin ƙofar ma ban daina sharewa ba, ko da yake ba mai durƙusawa a wurin.

Ni kuma ga ni nan yadda kuke ganina. In na tuna tsakar gidan Makarfi sai in ja mayafi in rufe fuska ko ni kaɗai ce a ɗaki, in na tuna maganar buta ta farko sai in nemi gafarar Allah. Iyakar abin da na ɗauko muku ke nan, na sauke. Ku tashi, la'asar ta yi.